Saukar Jirgi Cikin Hazo: Me Tauraron Ɗan'adam Zai Yi wa Filin Dutse?

Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ranakun da ake wayar gari a Birnin Kudu ba a hango duwatsun bayan gari. Direbobin Gwaram sukan shigo da fitila a kunne da hantsi, wanda abin ya fi ƙarfinsa kuma ya raɓe gefen hanya ya jira. Matuƙin jirgin sama ba shi da gefen hanya. Yana gangarowa ne da gudun da ya haura kilomita 200 a awa, kuma akwai tsayin da in ya kai bai ga titin sauka da idonsa ba, doka ta ce ya ƙara wuta ya koma sama, ko ya sake gwadawa ko ya nemi wani gari.

Zancen ya shafe mu tun 2014, lokacin da aka buɗe filin jirgin saman Dutse a zamanin Gwamna Sule Lamido, mutumin Bamaina. Maniyyatanmu suka huta da zuwa Kano, mu masu rakiya ma muka huta. Sai dai shimfiɗa titi daban, samun jirgi ya sauka a kansa ranar da gari ya rufe daban.

Tsohuwar dabara ita ce na'urar ILS. Ana kafa eriya a ƙarshen titi mai gaya wa matuƙi ya yi dama ko hagu, da wata a gefe mai nuna masa ko ya yi sama da yawa. Tana aiki sosai, amma tana da tsada, gefe ɗaya na titi kaɗai take yi wa hidima, tana son wuta dare da rana, kuma lokaci-lokaci sai jirgi na musamman ya zo ya gwada daidaitonta. A Fabrairun 2020 hazo ya rufe Legas a daidai lokacin da na'urorin can ba su kammala ba, aka riƙa karkatar da jiragen ƙasashen waje zuwa Akara. In Legas ta sha haka, ina ga filin da jiragensa na mako ake ƙirgawa da yatsu?

To me ya hana a yi amfani da GPS ɗin da ke cikin wayar kowa? Na sha auna gonaki da waya a ƙauyukan Gwaram. Ka tsaya cak a kan iyaka, ɗigon da ke allo ya riƙa yawo, yanzu ya sa ka a gonar maƙwabci, an jima ya dawo da kai. Kuskuren mita biyar a gona rigimar gado ce kawai, mai unguwa zai raba. A sama rai ne. Kuma GPS ya fi yin kuskure wajen faɗin tsayi, wanda shi mai sauka ya fi buƙata. Mafi muni, in ya kauce ba ya faɗa. Agogon tauraro kan ɗan zame, tauraron kan ɗan bar hanyarsa, sannan saƙon da ke tahowa daga nisan kilomita 20,000 yana ratsa wani ɓangaren sararin sama mai cike da lantarki, wanda ke jinkirta shi.

Tsarin SBAS an yi shi ne don wannan. Ana kafa tashoshi a ƙasa, a wuraren da aka riga aka auna matsayinsu sarai. Tashar ba ta motsi, saboda haka duk abin da GPS ya faɗa mata da ya saɓa wa inda take, kuskure ne, kamar mai sayen riɗi a kasuwar Sara da ke ɗora dutsen da ya san nauyinsa don ya gane ko sikeli na ƙwara. Ana tara wannan bayani a cibiya, a lissafa gyara, a harba shi zuwa wani tauraro mai nisan kusan kilomita 36,000, shi kuma ya watso wa jirage. Kuskuren sai ya dawo mita ɗaya zuwa biyu. In wani tauraro ya rikice, cikin daƙiƙa shida gargaɗi ya isa gaban matuƙi. Da wannan jirgi zai iya gangarowa har ƙafa 200, wajen mita 60 daga ƙasa, daidai da ILS mai mataki na farko, ba tare da an kafa eriya ko ɗaya a filin ba.

Amurka ta fara aiki da nata a 2003, Turai a 2011, Indiya ma ta yi nata. Namu bai yiwu a kwafo shi kai tsaye ba, domin a yankinmu wancan ɓangaren sama mai lantarki ya fi hargitsewa, musamman bayan magariba. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ASECNA mai hedkwata a Dakar, wadda Nijar ke cikinta, ta haɗa kai da kamfanin Thales Alenia Space da NIGCOMSAT. Tauraron Najeriya, NIGCOMSAT-1R, wanda aka harba daga Sin a Disamban 2011, shi ya fara watso saƙon gwaji a Satumban 2020. An sauko da jirgi da shi a Lome a Janairun 2021, sannan a Abuja a Fabrairun 2023 da jirgin NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya.

A nan nake ja da masu murna da wuri. Gwaji ba aiki ba ne. Kowane titi sai an auna kewayensa, tsauni da dogon ƙarfen waya duk an sa su a taswira, kuma Dutse sunanta ya faɗi halinta. Sai hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ta sa hannu, sai an horar da matuƙa, sai kamfanoni sun sayi na'urar karɓar saƙon, alhali da yawan jiragenmu tsofaffi ne kuma masu su ba sa son ƙarin kashe kuɗi. Tauraron kansa don shekara 15 aka ƙera shi, ya kusa cika wa'adi, dole a samu magajinsa. Sannan SBAS ba ya kore hazo. A mita 60 matuƙi na buƙatar ganin fitilun titi, wato janareta ya tashi, shinge kuma ya hana dabbobi shiga.

Abin da ya sa nake ganin akwai gaggawa lissafin wata ne. Yanzu aikin Hajji na faɗowa a ƙarshen bazara, amma kowace shekara yana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya. Zuwa 2035 Babbar Salla za ta kama a Fabrairu, jigilar maniyyata kuma a tsakiyar hunturu. Dattawa na tuna Janairun 1973, da jirgin alhazai daga Jidda, wanda yanayi ya hana shi zuwa Legas, ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ban ce wannan fasaha ce za ta hana aukuwar wancan ba. Na ce dai jigilar alhazai a cikin hazo tana dawowa, kuma auna kewayen titin Dutse da zana hanyar sauka ta gefensa biyu aiki ne da gwamnatin Jigawa da NAMA za su iya farawa bana, tun kafin saƙon ya samu lasisi.