Ilimin da Ba Ya Cikin Littafin Bashi

Duk wanda ya ratsa Daddara ranar Lahadi zai ga motocin hatsi da na dabbobi sun nufi kasuwar Jibiya. Amma jarin da ya fi kayan tsada yana cikin kan dillali. Shi ya san Alhajin Maraɗi da ake ba wake bashi ya biya, da direban da ke kai kaya Ɗan Isa buhu bai yi ciwon kai ba, da takardun da kwastam za su nema a Magama. Ya damƙi gero a tafin hannu ya gaya maka na bana ne ko na bara.

A shekarar 1995 masanan Japan biyu, Ikujiro Nonaka da Hirotaka Takeuchi, sun nuna cewa kamfani na cin riba idan ya fito da irin wannan sani daga kan mutum ɗaya ya zama na kowa. Sun kawo labarin kamfanin Matsushita, da ya kasa ƙera injin burodi mai kyau, sai da ma'aikaciyarsa ta je ta zauna gaban wani gwanin burodi a Osaka, ta lura da yadda yake murɗa ƙullu. Mu wannan ba baƙo ba ne a wurinmu. Haka fataken Gwanja suka koyi hanya a bayan madugu, haka yaron shago ke koyo gaban maigida.

Matsalar ita ce koyon nan sai kasuwa na ci. An rufe iyaka a Agustan 2019, ta Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake garƙame ta har Maris 2024. Yaran da ya kamata su tsaya bayan iyayen gidansu suka watse neman abinci, ga rashin tsaro ya tashi wasu. Abin yana ci mini rai: dattijo ya rasu, magada su buɗe littafinsa, su tarar da suna da adadi kawai, babu dalilin da ya sa ya amince da wane ya ƙi wane.

Gyaran ba ya buƙatar kwamfuta. A rubuta dalilin kusa da sunan, ko da ajami ne. Bayan sallar isha'i yaro ya ajiye waya gaban maigida, ya tambaye shi cinikin ranar, ya naɗi muryarsa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya zai bi, kuma kamfanonin da za su biyo shi da nasu ilimin a rubuce za su zo.