Idan Fasinja Ya Ɓace, Daga Ina Ake Fara Nemansa?

A wannan fitowa, ƙungiyarmu ta 'yan jarida ta ɗauko batun da kusan kowane gida a ƙasar Birnin Gwari ya san ɗacinsa: mutum ya kama hanya, lokacin isarsa ya wuce, wayarsa kuma ba ta shiga. Jirgin ƙasa ba ya bi ta garinmu, amma babban darasin neman fasinjan da ya ɓace ya fito ne daga abin da ya sami wani jirgi a nan jiharmu ta Kaduna.

Abin da ya faru

Ranar Litinin 28 ga Maris, 2022, jirgi mai lamba AK9 ya tashi daga tashar Idu a Abuja da ƙarfe shida na yamma, ya nufi tashar Rigasa a Kaduna. Da yawa daga cikin fasinjojin sun zaɓi jirgin ne don gudun masu garkuwa da mutane a titin mota. Wajen takwas saura kwata na dare, 'yan bindiga suka tayar da bam a kan layin dogo tsakanin Katari da Rijana, suka buɗe wuta, suka kora mutane fiye da sittin cikin daji.

Kafin gari ya waye, dangi sun bazama neman nasu, wasu a Rigasa, wasu a asibitin sojoji na 44, wasu a asibitin St. Gerard da ke Kakuri. Sai ga shi tambaya mafi sauƙi ta zama mai wuyar amsawa: mutum nawa ne a cikin jirgin? Rahotannin farko sun ce 970. Takardar sunayen fasinjoji da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya (NRC) ta bayar ta nuna mutum 398 ne suka sayi tikiti, 362 kuma aka tantance sun shiga. Ma'aikatan jirgin da jami'an tsaro ba sa cikin wannan lissafi.

Lambobin da suka ƙi shiga

Hanyar da hukumar ta bi wajen nemo mutanen ita ce kiran lambar wayar da kowa ya bayar lokacin sayen tikiti. Bayan kusan mako guda, shugaban hukumar na lokacin, Injiniya Fidet Okhiria, ya fitar da sakamako. An tabbatar mutum 186 suna lafiya, 8 sun rasu, 22 kuma danginsu sun kawo rahoton ɓacewarsu. Lambobi 51 a kashe suke ko ba sa shiga, 35 suna ƙara ba a ɗauka, 60 kuwa babu su kwata-kwata.

Masu son lissafi su haɗa su gani, 362 cif. Amma a dubi waɗannan 60 ɗin: kusan fasinja ɗaya cikin kowane shida ya shiga jirgi da lambar da ba ta kowa ba. Irin haka na faruwa ta hanyoyi da dama. Wani kuskure yake yi wajen rubutu. Wani da gangan yake ba da lambar bogi, don ba ya son a san tafiyarsa. Wani kuma a hannun 'yan cuwa-cuwa ya sayi tikitin, wanda ke ɗauke da sunan wani daban. An daɗe ana kuka da cuwa-cuwar tikiti a wannan layi, tana ma cikin dalilan da suka sa aka fara sayar da shi ta intanet a watan Janairun 2021. Wanda ya hau da sunan wani, ranar da tsautsayi ya faɗa, danginsa za su duba takarda su rasa shi, a yi ta neman mutumin da yake kwance a gidansa.

Me ya sa ma'aikaci ke cewa "ban sani ba"?

Iyalan waɗanda aka sace sun sha kokawa a gaban 'yan jarida cewa ba a sanar da su halin da ake ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kanta yana tambayar ɗan uwansa ya san zafin a ce masa "je ka dawo". Sanin dalilin wannan amsa yana taimakawa. Sau da yawa mai sayar da tikiti ko mai gadin ƙofa ba shi ke riƙe da jerin sunaye ba, yana can a kwamfuta ko a ofishin manya. Wani an hana shi magana sai da izini. Wani tsoro yake ji kada ya faɗi abin da zai ci aikinsa. Akwai kuma mai halin ko-in-kula, wannan ma ba a rasa shi. Ko wanne ne, zagi da hayaniya ba sa fito da takarda. Bahaushe ya ce da sannu ake kama biri a daji, ga yadda za a bi:

1. A nemi manajan tasha kai tsaye, a rubuta sunan duk jami'in da aka yi magana da shi, da rana da lokaci.

2. A kai buƙata a rubuce, kwafi biyu. A sa cikakken sunan wanda ake nema, hotonsa, lambar wayarsa, lambar tikiti, da kayan da ke jikinsa. A roƙi a buga hatimi a kwafi ɗaya a dawo da shi gida.

3. A kai rahoto ofishin 'yan sanda nan take, a sanar da mai unguwa ko dagaci. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce.

4. A raba aiki. Wani ya zagaya asibitoci, har ɗakin ajiye gawa, ko da zuciya ba ta so. Wani ya tuntuɓi hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha da ƙungiyar Red Cross, wadda ke da sashe na musamman na sada waɗanda suka ɓace da iyalansu.

5. Idan an yi biris da ku, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975 don sauraron ƙorafi a kan ma'aikatun gwamnati. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba ma'aikata kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka kai mata a rubuce.

6. A yi hattara da abin da ake sawa a Facebook da WhatsApp. Bayyana muƙamin mutum ko dukiyarsa na iya ƙara masa haɗari in yana hannun masu garkuwa, 'yan damfara kuma sukan kira lambar da aka wallafa su ce yana wurinsu. A bar mutum ɗaya mai natsuwa ya riƙa magana da yawun iyali.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Iyalan fasinjojin AK9 sun fi samun kunnen hukuma bayan sun haɗa kai. Sun riƙa kiran taron manema labarai, sun yi zanga-zangar lumana har Ma'aikatar Sufuri a Abuja. Da aka sanar cewa jirgi zai koma aiki ranar 23 ga Mayu, suka ce ba su yarda ba alhali 'yan uwansu na daji, aka ɗage ranar. An riƙa sako mutanen kashi-kashi, har 23 na ƙarshe suka kuɓuta ranar 5 ga Oktoba, 2022, bayan wata shida da mako guda. Jirgin ya dawo aiki ranar 5 ga Disamba, da sharaɗin sai fasinja ya ba da lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kafin a sayar masa da tikiti.

Ina ruwanmu a nan?

Mu motoci muke hawa, ko zuwa Kaduna ta Udawa da Buruku, ko zuwa Funtuwa. Hanyoyin nan sun ratsa daji, akwai wuraren da babu sabis, kuma manyanmu ba su manta watannin ƙarshen 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a yankinmu gaba ɗaya. An sami sassauci tun sulhun da gwamnatin jiha ta ƙulla a ƙarshen 2024, Allah ya ɗorar, amma hatsarin mota da lalacewarta a tsakiyar daji ba su san sulhu ba.

Don haka idan ɗan kamasho ya miƙo takardar sunayen fasinjoji a tasha, mu rubuta sunanmu na gaskiya da lambar wani na gida wadda muka tabbata tana aiki. In ba a miƙo ba, mu tambaya. Mu guji tare mota a bakin hanya don rangwamen kuɗi, domin mai hawa a hanya ba ya cikin lissafin kowa. Kafin mota ta tashi, mu aika wa na gida lambarta da launinta. Kowane ɗalibi ya haddace lambar waya biyu, ta mahaifi ko mahaifiya da ta wani babba, saboda waya na iya ɓata ko cajinta ya ƙare. Waɗanda iyayensu ba sa rubutu kuma, su taimaka musu su cike takardar daidai.

Muna roƙon duk wanda ya karanta ya kai wannan bayani gida. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya bayyana waɗanda har yanzu ake nema, ya kiyaye mana hanyoyinmu. Amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta