Kwalbar Da Ba Ta Fita Kasuwa Sai Da Sa Hannun Gwamnati

Daga Wakilinmu

A watan Janairu na 1919 ne aka amince da haramta barasa a Amurka, amma shekaru 100 cif bayan haka, watau a Janairun 2019, sai ga masu yin giya na ƙasar suna kuka da wata irin haramci da ba doka ce ta kawo ta ba. Giya tana nan cikin manyan tukwane ta nuna, kwalabe suna jibge, masu saye suna jira, amma babu halin fitar da sabon kaya zuwa wata jiha. Dalili kuwa shi ne rikicin kasafin kuɗi tsakanin Shugaba Donald Trump da Majalisa ya sa an rufe wasu ofisoshin gwamnatin tarayya har kwana 35, daga 22 ga Disamba 2018 zuwa 25 ga Janairu 2019, cikinsu har da ofishin da ke duba takardar da ake liƙawa a jikin kwalba. Wani kamfani a birnin Washington mai suna Atlas Brew Works har kotu ya garzaya a kan wannan batu.

Ga mai karatu da addininsa ya raba shi da barasa, ana iya cewa ina ruwan biri da gada. To amma ma'aikacin gwamnati da ɗalibin mulki suna da abin dubawa a nan, domin tsarin yana nuna yadda hukuma ke tsare mai saye daga yaudara, da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

Asalin dokar yana komawa ga zamanin haramcin nan, wanda ya fara aiki a 1920 ya ƙare a Disambar 1933. A cikin waɗannan shekaru 'yan fasa-ƙwauri sun cika ƙasa da gurɓataccen abin sha, suna liƙa masa sunayen ƙarya. A 1930 kaɗai dubban mutane sun sami shanyewar ƙafafu saboda wani ruwan citta da aka gauraya da guba. Saboda haka da aka halatta cinikin, Majalisa ta kafa doka a 1935 wadda ta ce ba za a ɗura barasa a kwalba don sayarwa tsakanin jihohi ba, ko a fitar da ta waje daga hannun kwastan, sai an sami takardar amincewa da abin da aka rubuta a jikinta. Tun daga 2003 hukumar da ake kira TTB, a ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi, ita ce ke ba da wannan takarda. Ba a biyan ko kwabo wajen nema, kuma buƙatun da ke isa gare ta sun haura 100,000 a kowace shekara.

Jami'in da ke dubawa yana neman sunan kaya, da nau'insa, da sunan wanda ya ɗura ko ya shigo da shi, da yawan abin da ke cikin kwalbar. Batun nau'i shi ne ya fi tsanani, domin kowane suna yana da sharaɗinsa. Alal misali, ba a yarda a rubuta Bourbon ba sai wuskin da aka yi a Amurka, wanda aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsinsa masara ce, aka kuma adana shi cikin sababbin gangunan itacen oak da aka babbake cikinsu. Kazalika an hana duk wata magana da za ta sa mai saye ya zaci barasa magani ce, ko ya ɗauka gwamnati ce ta yaba da ita.

Wani abin mamaki shi ne, dokar 1935 ta hana a rubuta ƙarfin giya a jikin kwalba, wai don kada kamfanoni su shiga gasar wa ya fi wani bugarwa. Kamfanin Coors ya ƙalubalanci wannan, kuma a 1995 Kotun Ƙoli ta yanke cewa hanin ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Ashe hukumar da aka kafa don ta wayar da mai saye ta yi kusan shekara 60 tana ɓoye masa abin da ya fi bukatar sani.

Sai kuma gargaɗin lafiya. Bisa ga dokar 1988, tun daga Nuwambar 1989 wajibi ne kowace kwalba ta ɗauki jan kunne cewa kada mata masu juna biyu su sha saboda lahani ga jariri, kuma shan barasa yana rage iya tuƙin mota da sarrafa injuna, yana iya jawo rashin lafiya. A nan ne, a ganin wannan wakili, tsarin ya fi rauni. Jami'i zai iya mayar da takarda saboda haruffa sun yi ƙanana, amma ba shi da ikon ƙara kalma ɗaya a cikin gargaɗin, domin Majalisa ce kaɗai ke iya sauya shi. Mu ma nan gida mun saba da lambar hukumar NAFDAC a jikin kaya, mun kuma san ba ta hana abin da ke ciki yin illa.

A Janairun 2025 Babban Likitan Gwamnatin Amurka na lokacin, Dokta Vivek Murthy, ya fitar da sanarwa cewa barasa tana da hannu a ciwon daji iri 7, har da na mama da na hanta, ya nemi a ƙara wannan a jikin kwalba. Ƙasar Ireland ta riga ta sa hannu a kan irin wannan ƙa'ida a 2023, da nufin ta fara aiki a watan Mayu na 2026, sai dai a 2025 gwamnatinta ta ɗage ranar zuwa 2028 saboda fargabar abin da zai sami cinikinta da ƙasashen waje.