Idan Aka Biyo Ka Bashin Da Ba Ka Ci Ba

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Shi ya sa idan baƙo ya yi sallama a ƙofar gida da takarda a hannu, ko aka kira a waya aka ce daga asusu ne, gaban maigida kan faɗi tun bai ji ko nawa ake magana ba. A ƙasar Tasawa da Mayahi manoma da yawa sun san bashin taki da na iri, mata sun san na ƙungiya, 'yan kasuwa sun san na sari. Amma akwai wani bashin da ya fi waɗannan ɗaure kai, wanda ake biyo mutum alhali bai karɓi ko dala ba. Wani ma ba biyo shi ake yi ba. Shi ne zai je neman rancen kiwo, ma'aikaci ya duba kwamfuta ya ce masa, "Malam, sunanka yana da matsala," ko ya ce an riga an bincika sunansa daga wani wurin da bai taɓa takawa ba.

Kwamfutar nan ba daga kanta take faɗa ba. A 2013 majalisar ministocin ƙasashe takwas masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma ta amince da doka guda kan ofisoshin tara bayanan bashi, Nijar kuma ta mayar da ita dokar ƙasa a ƙarshen 2014. Babban bankin yankin, BCEAO, ya ba kamfanin Creditinfo Volo izini, wanda yanzu ake kira Creditinfo West Africa. Cibiyarsa tana Abijan, ya fara aiki a 2016, yana da ofis a Yamai. Bankuna da manyan asusun bada rance suna aika masa labarin wanda ya ci bashi, nawa ya ci, ya biya a kan lokaci ko ya makara. Idan wani ya zo neman rance, sai mai bayarwa ya nemi rahotonsa ya duba kafin ya yanke shawara.

Manufar ba ta da aibu. Mutumin Kanambakashe da ya yi shekaru yana biyan bashinsa cif, ba shi da takardar fili ko gidan siminti da zai ba da jingina, ya samu shaidar da za ta yi magana a madadinsa a Maraɗi ko Damagaram. Sai dai wannan shaida tana nesa, da Faransanci take, kuma mai sunan ba ya zaune a wurin lokacin da ake rubutawa. A ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda CARE ta fara da su a jihar Maraɗi a 1991, kowace dala a gaban kowa ake ƙirga ta ranar zubi, ba yadda za a ɗora wa mace bashi ba ta ji ba. A sabon tsarin kuwa kuskure yana iya kwana shekaru a kan sunan mutum, sai ranar da ya zo da buƙata zai ci karo da shi.

Abu biyu ake yawan cakuɗawa, kuma masu tsoratarwa suna cin riba da cakuɗar. Duba rahoton mutum daban, bashi daban. Duba rahoto kamar dillali ne ya zagaya kasuwar Mayahi yana tambaya, "Yaya wane yake wajen biya?" Tambayar ba ta sa ana bin wane komai. Saboda haka duk wanda ya kira ya ce a biya shi kuɗi don an ga alamar bincike a kan sunanka, ko ya ce zai goge ta idan aka tura masa jika kaza, ba shi da tushe. Amma kuma alamar ba abin rainawa ba ce, domin doka ta ce ba a tara bayanan mutum ko a raba su sai da amincewarsa, kuma galibi a jikin takardar neman rance ake sa hannu a kan amincewar. To idan an duba ka kai kuwa ba ka nemi komai ba, tambayar da ta dace ita ce, wa ya sa hannu a madadinka?

Amsar takan fito ta ɗayan hanyoyi kaɗan, kuma wadda ta fi sauƙi ita ce rikicin suna. Duk wanda ya taɓa neman takardar haihuwa a ma'aikatar magajin gari ya san yadda suna ɗaya yake fitowa da rubutu uku, Mahamane a nan, Mamane a can, Mahamadou a katin ɗan ƙasa. Dattawa da yawa ba su da ranar haihuwa, an rubuta musu shekara kawai da kintace, ko an ɗora su a kan 1 ga Janairu. Tsakanin Urafan da Korgom za a samu Ibrahim Abdu nawa da aka haifa wajen shekara guda? Ma'aikaci mai gaggawa yana iya haɗa mutum biyu a fayil ɗaya ba da mugun nufi ba.

Hanya ta biyu ta fi ciwo, don daga cikin gida take fitowa. Mun saba miƙa katin ɗan ƙasa ga duk wanda ya ce ana rubuta sunaye: na tallafi, na taki, na rajistar layin waya. Wakili ya tattara katuna ya tafi da su gari, a yi kwafi, a dawo da su bayan kwana biyu, ba wanda ya tambayi kwafi nawa aka yi. Da irin wannan kwafin ake iya cika sunayen ƙungiyar da ba ta cika ba, ko a rubuta mutum a matsayin wanda ya tsaya wa ɗan'uwansa. A ganina wannan sakaci ya fi kowane ɗan damfara na waya yi mana ɓarna, kuma kunya ce take rufe shi, don mai laifin sau da yawa ɗan ɗaki ne ko suruki.

A kan tsayawa mutum, dokar kasuwanci ta ƙungiyar OHADA da Nijar take aiki da ita ta yi magana ƙarara. Ba a ɗauka cewa mutum ya tsaya wa wani don kawai an ga sunansa. Sai da takarda mai sa hannunsa, da adadin kuɗin da ya yarda ya ɗauka a rubuce da hannunsa, cikin haruffa da alƙaluma. Idan bai iya rubutu ba, dole a samu shaidu biyu da za su tabbatar a cikin takardar cewa shi ne, yana wurin, kuma an bayyana masa abin da yake ɗaukar wa kansa. A karkarar da dangwala yatsa ta fi sa hannu yawa, wannan sharaɗi garkuwa ce babba, kuma mutane kaɗan ne suka san da ita. Rancen ƙungiya kuma a kula da shi: idan an sa hannu cewa kowa ya tsaya wa kowa, to ana iya biyo wadda ta biya nata saboda wadda ba ta biya ba, kuma wannan ba kuskure ba ne, sharaɗin ke nan tun farko.

Masu biyo bashi ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai ma'aikacin banki ko asusun kansa, akwai kamfani mai zaman kansa da aka ba kwangilar karɓo kuɗi, akwai kuma ma'aikacin shari'a mai isar da takardun kotu, wanda ake kira huissier. Na farko da na biyu iyakarsu su tunatar, su nema, su yi sulhu. Ba su da ikon kwance akuya, ko buɗe rumbu, ko ɗaukar babur. Shi ma na ukun ba ya taɓa dukiyar mutum da ra'ayin kansa, sai da takardar da doka ta yarda da ita, galibi hukuncin kotu ko izinin alƙali. Kasa biyan bashi kuma maganar kotun farar hula ce. Barazanar cewa gobe jandarma za su zo su tafi da kai, a kan bashin da ba a ma nuna takardarsa ba, tsoratarwa ce.

Abin da ya kamata a ce wa mai kira kaɗan ne, kuma cikin ladabi: "Ban san wannan bashi ba. Wa ya aiko ka, kuma ina takardar da na sa wa hannu?" A nemi sunan wurin da ya ba da rancen, ranar da aka bayar, adadin asali da abin da aka ƙara. A musulunci hujja tana kan mai da'awa, a dokar ƙasa ma wanda ya ce yana bin bashi shi ne zai tabbatar. Kada a karanta wa kowa lambar kati ko lambar sirri ta waya da sunan tantancewa. Kada kuma a biya ko jika ɗaya don a huta da fitina. Na san abin da ke sa mutane yin haka, ba wanda yake son a tsaya masa a ƙofar gida maƙwabta suna kallo. Amma biyan wani ɓangare ana iya ɗaukarsa a matsayin amincewa da bashin gaba ɗaya, sai ka sayi kwanciyar hankalin mako guda da hujjar da za a kafa a kanka.

Takarda ɗaya ce ba a wasa da ita. Dokar OHADA ta ba mai bin bashi damar zuwa wurin alƙali ya karɓo umarnin biya ba tare da an saurari wanda ake bi ba. Sai bayan an kawo masa takardar ne yake da damar ƙalubalanta. A da wa'adin kwana 15 ne, amma gyaran da aka yi a Kinshasa a watan Oktoba na 2023, wanda ya fara aiki a Fabrairun 2024, ya rage shi zuwa kwana 10. Wanda ya cusa takardar ƙarƙashin katifa yana jiran ɗansa ɗan boko ya dawo hutu, wa'adi zai wuce, umarnin ya zama abin zartarwa, ko da kuwa bashin na wani ne. Akwai kotu a Tasawa, akwai a Mayahi. Ranar da takardar ta zo, ranar ake neman mai karantawa. Mai gari da sarki suna iya sasanta mutane, kuma sau da yawa sulhunsu ya fi sauri, amma zaman sulhu ba ya tsayar da ƙirgen kwanakin kotu.

Sai gyaran sunan kansa. Doka ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, kuma a ciki ana ganin waɗanda suka duba shi a watannin baya da wurin da ya aika da kowane bayani. Idan banki ya hana rance saboda abin da ya gani a rahoton, wajibi ne ya sanar da mai nema ya ba shi kwafi. Da wannan kwafin ake rubuta ƙorafi zuwa ofishin bayanan bashi da kuma wurin da ya aika da kuskuren, a riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Doka ta ɗora musu bincike da gyara cikin wa'adi. Idan an yi shiru, akwai BCEAO, wanda yake da reshe a Maraɗi, akwai ARSM mai sa ido a kan asusun bada rance, akwai kuma HAPDP mai kare bayanan mutane. Idan ta tabbata an yi amfani da katin mutum an ci bashi, wannan laifi ne da ake kai ƙara wurin 'yan sanda, jandarma ko mai gabatar da ƙara.

'Yan cirani masu layin Najeriya su ƙara kula. Can manhajojin rance na waya sun yi ƙaurin suna wajen kwashe lambobin da ke wayar wanda ya ci bashi su bi su da saƙonnin cin mutunci. A 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 a kan irin wannan, a 2022 kuma hukumar kare masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu a Legas. Idan saƙo ya zo cewa abokin zamanka a Kano ya sa ka a matsayin mai tsaya masa, kasancewar lambarka a wayarsa ba ta ɗora maka komai.

Abin da ya rage yana wuyan hukuma da masu bada rance. Haƙƙin duba rahoto kyauta bai amfani matar Cake ko ta Hawandawaki ba idan sai ta biya kuɗin mota ta nemi mai rubuta mata wasiƙa da Faransanci. Kowane reshen banki da asusu a Tasawa da Mayahi ya kamata ya zama wurin da mutum zai nemi rahotonsa ya kuma ajiye ƙorafinsa, a karanta masa takardar amincewa da Hausa kafin ya dangwala, gidajen rediyon karkara kuma su riƙa bayyana wa'adin kwana 10 kafin lokacin da ake biyo bashin kaka.