Makarantar St. Paul's ta Concord, Amurka: Tarihinta, Harabarta da Tsarin Karatunta

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi makarantar St. Paul's, ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun kwana na Cocin Episkofal a Amurka. Kalmar Episkofal ta samo asali ne daga Girkanci, inda episkopos ke nufin mai sa ido, wato bishop. Cocin reshe ne na ɗariƙar Angilika, wanda ya tsayu da ƙafafunsa a 1789 bayan Amurka ta ɓalle daga mulkin Ingila.

2.0 Kafuwa da Bunƙasa

Wani likita ɗan birnin Boston mai suna George Cheyne Shattuck ne ya ba da gidansa na hutu da ke Millville, a gefen Concord, babban birnin jihar New Hampshire, don a mayar da shi makaranta. An buɗe ta a watan Afrilu na 1856 da yara maza uku kacal, ƙarƙashin jagorancin wani matashin limamin coci, Henry Augustus Coit, wanda ya riƙe ta har rasuwarsa a 1895. A cikin waɗannan shekaru kusan 40 ne makarantar ta ɗauki kamannin da aka san ta da su: ibada kullum, tarbiyya mai tsanani, Latinanci da Girkanci, sannan ɗalibai mafi yawansu 'ya'yan attajiran Boston da New York da Philadelphia.

Shekara 115 ta yi ba ta karɓar mata. Sai a 1971 rukunin farko na 'yan mata ya shiga, kuma sai a 2019 aka naɗa mace, Kathleen Giles, cikakkiyar shugaba. Wannan tazara kaɗai ta isa ta nuna irin jan ƙafar da sauyi ke yi a makarantu irinta.

3.0 Haraba

Faɗin harabar ya kai kimanin eka 2,000, da dazuzzuka da tafkuna, ga kogin Turkey ya ratsa ta. Fitaccen gininta shi ne majami'ar St. Peter and St. Paul, wadda Henry Vaughan ya zana, aka keɓe ta a 1888. Ɗakin karatu na Ohrstrom kuwa an buɗe shi ne a 1991. A kan ƙanƙarar ɗaya daga cikin tafkunan ne ɗalibai suka fara wasan hoki tun ƙarni na 19. Ɗaliban sun ɗara 500, kuma dukkansu a makarantar suke kwana.

4.0 Karatu da Matsayin Harshe

Abin da zai fi jan hankalin manazarcin harshe shi ne yadda makarantar ta riƙe kalmomin Ingila a tsakiyar Amurka. Shugabanta Rector ake ce masa, laƙabin da asalinsa na limamin coci ne. Azuzuwanta kuma ba a ƙirga su da tsarin Amurka na aji 9 zuwa 12, sai dai fom 3 zuwa fom 6, irin ƙirgar da sakandaren Nijeriya ta yi amfani da ita kafin zuwan tsarin 6-3-3-4. An soke fom 1 da 2, amma lambobin sauran ba su canza ba, don haka ɗan ƙaramin aji yake farawa daga na uku. Ga alama riƙon waɗannan kalmomi hanya ce ta bayyana asali da martaba.

Latinanci da Girkanci, waɗanda a da su ne ginshiƙin manhaja, yanzu zaɓi ne a jerin harsuna tare da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci da Sinanci. Ingilishi ma ba ya tsayawa shi kaɗai a matsayin darasi. An gwama adabi da tarihi da addini da falsafa cikin fanni guda, ta yadda ɗalibi zai karanta matani tare da zamanin da ya haife shi. Tsarin yana ƙarfafa muhawara da rubutun insha'i, sai dai yana buƙatar malami mai ƙafa a fannoni da yawa da aji mai ɗalibai kaɗan, abin da makaranta mai karɓar fiye da dala 60,000 a shekara kan ɗalibi guda ba za ta rasa ba.