Yadda Ake Saita Kafireto Da Haɗa Mai A Inji Mai Bugu Biyu: Babur Da Ƙaramin Janareto

Yau za mu ɗan ajiye maganar manhaja da data, mu leƙa cikin injin da ke kai mu kasuwa da kuma wanda ke yi mana cajin waya idan babu wuta.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, roƙon da makanikai suka fi ji daga masu babur shi ne a rage wa mashin shan mai. Ana iya ragewa, amma a inji mai bugu biyu ragin yana da iyaka, kuma wanda ya wuce ta injinsa zai buga. Ga mutumin Kurawa da ke bin hanyar Sabon Birni ko Isa, mashin ya mutu a tsakiyar daji ba asarar kuɗi kaɗai ba ce, kowa ya san halin tsaron da yankin ke ciki. Don haka yana da kyau ka fahimci abin da ake taɓawa kafin a taɓa shi.

Wane inji muke magana a kai?

Inji mai bugu biyu shi ne wanda ke ƙona mai a duk juyawa ɗaya ta karanshaf, kuma ba shi da ma'ajiyar baƙin mai a gindinsa kamar Bajaj Boxer. Man da ke shafe fistin da boris yana shiga ne tare da fetur, ya yi aikinsa, ya ƙone, ya fita ta salansa. Shi ya sa yake hayaƙi. A wajenmu za ka same shi a Suzuki AX100 da Jincheng AX100, da tsofaffin Vespa, da baburan shiga daji irin Yamaha DT125 da AG100, da ƙaramin janareto Tiger TG950 da masu shagon caji ke amfani da shi. Idan Boxer gare ka, maganar haɗa mai ba ta shafe ka ba, amma bayanin kafireto zai yi maka amfani.

Awo biyu ne, kada ka haɗa su

A nan mutane suka fi rikicewa. Akwai awon fetur da man 2T, akwai kuma awon iska da fetur. Na farko a jarka ko tanki ake yin sa, na biyu kuma aikin kafireto ne. Idan makanike ya ce mashin yana shan mai da yawa, awo na biyu yake nufi. Idan ya ce 2T ya yi yawa, na farko yake nufi.

Awon fetur da 2T

Lissafin ba wuya. Raba 1000 da lambar awon, abin da ya fito shi ne mililitan 2T da za ka zuba a kowace lita ɗaya ta fetur:

50:1 shi ne mililita 20
40:1 shi ne mililita 25
32:1 kusan mililita 31
25:1 shi ne mililita 40

Janareton Tiger 50:1 ake yi masa, wato lita 4 ta fetur da mililita 80 na 2T. Na babur kuwa ka bi abin da kamfanin ya rubuta a littafinsa ko a jikin tanki. Sirinji mai mililita 20 daga kemis ya ishe ka awo, kuma ya fi ƙiyasi da ido nesa ba kusa ba. Ka haɗa a jarka mai tsabta, ka girgiza sosai, sannan ka juye a tanki. Ka haɗa iya wanda za ka ƙarar cikin 'yan makonni, domin fetur yana lalacewa idan ya daɗe a zafi.

Irin man ma yana da muhimmanci. Duba bayan robar, ka nemi alamar JASO, ma'aunin ingancin da Japan ta fitar. FB ya yi, FC ya fi ƙarancin hayaƙi, FD ya fi su wanke inji. Wanda aka rubuta wa TC-W3 na injin kwalekwale ne da ruwa ke sanyaya shi. Baƙin man mota ba ya ƙonewa tas, yana tara gawayi a ringi da bakin salansa. Man juye kuwa, wanda aka riga aka ci moriyarsa, ɗauke yake da ɓurɓushin ƙarfe, zuba shi tamkar zuba wa inji yashi ne.

Abin lura na farko: ƙara 2T ba ya ƙara wa inji fetur, ragewa yake yi. A awon 50:1, kashi 98 cikin 100 na abin da ke ratsa jet fetur ne. A 25:1 ya koma kusan kashi 96, ga shi kuma ya ƙara kauri. Idan injin dama a kan gaɓa yake, wannan ɗan bambancin yana iya ƙara masa zafi. Saboda haka ka tsayar da awon 2T ɗaya tukuna, sannan a saita kafireto a kansa.

Abin lura na biyu: AX100 da DT125 suna zuwa da tankin 2T daban da famfon da ke auna man da kansa. Yamaha na kiran nata Autolube, Suzuki kuma CCI. Wasu na cire famfon su koma haɗawa a tanki. A wasu injinan Suzuki famfon ne ke kai mai kai tsaye ga boris ɗin karanshaf, don haka cire shi na iya barin boris da ƙishi. Idan famfonka yana aiki, ƙyale shi, kawai kada ka bar tankin 2T ya ƙafe.

Yadda kafireto ke aiki

Fetur yana ƙonewa tas ne idan aka haɗa giram 1 nasa da iska giram 14.7. Inji ya fi ba da ƙarfi idan fetur ya ɗan fi haka, wajen 12 ko 13 zuwa 1, kuma wannan rarar tana taimakawa wajen sanyaya kan fistin. Sababbin motoci suna da kwamfuta da na'urorin da ke auna iska su gyara awon da kansu. Kafireto ba shi da wannan. Ramuka ne da allura, yadda aka saita shi haka zai zauna, ko yanayi ya canja.

Hanyoyi uku fetur ke bi, kowace da lokacinta:

1. Ƙaramin jet da sukurun iska: daga silo zuwa kusan kwata na totur.
2. Allura: daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu na totur. A nan ake yin mafi yawan tafiya.
3. Babban jet: daga nan zuwa ƙarshen totur.

Ka lura, matsayin totur ake dubawa ba gudun babur ba. Ka manna ɗan tef a hannun totur, ka yi alamar kwata, rabi da ƙarshe da biro, don ka san a wace hanya matsalar take.

Alamomin da inji ke nunawa

Idan fetur ya yi yawa, injin yana ɓarɓari kamar mai kurkurar baki, hayaƙi ya yi kauri, baƙin mai na ɗiga daga salansa, fulogi ya yi baƙi kuma a jiƙe. Wannan ɓarnar kuɗi ce amma ba ya kashe inji nan take.

Idan fetur ya yi kaɗan, da ka murɗa totur sai ya shaƙe kafin ya ɗauka, da ka saki kuma silo ya daɗe a sama kafin ya sauko. Injin yana zafi fiye da kima, ana jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, fulogi ya yi fari fat. Wannan shi ke narka fistin. Launin da ake so a fulogi shi ne na shayi da madara.

Gwaji mai sauƙi: bayan inji ya yi zafi, ɗan ja cok. Idan tafiyar ta gyaru, fetur ne ya yi kaɗan. Idan ta ƙara lalacewa, dama ya isa ko ya yi yawa.

Matakan saiti

1. Fara da tsabta. Wanke soson iska ka shafa masa ɗan mai, wanke kafireto, ka busa jet da iska. Kada a zura masa waya ko allurar ɗinki, ramin yana faɗaɗa kuma ba ya komawa. Duba robar da ke haɗa kafireto da inji, idan ta tsage iska na satar hanya, kuma babu saitin da zai zauna.
2. Sukurun iska. Ɗaure shi a hankali har ya tsaya, ka kwance juyi ɗaya da rabi. Tayar da inji ya yi zafi, ka riƙa juya kwata-kwata har ka sami inda silo ya fi tashi. Ɗaurewa na rage iska, kwancewa na ƙara ta. Idan sai ƙasa da juyi ɗaya yake daidaita, ƙaramin jet ya yi ƙanƙanta. Idan sai ya wuce biyu da rabi, ya yi girma.
3. Allura. Yawanci tana da tsaga uku zuwa biyar a samanta da ɗan zoben da ke riƙe ta. Sauko da zoben ƙasa yana ɗaga allurar, fetur ya ƙaru. Mayar da shi sama yana rage fetur. Tsaga ɗaya ake matsawa a lokaci guda.
4. Babban jet. A miƙaƙƙiyar hanya marar jama'a, ka buɗe totur duka a giyar ƙarshe na ɗan lokaci, ka kama kuloci ka kashe inji nan take, sannan ka duba fulogi. Ka fara daga babban lamba ka riƙa saukowa. Lambar Keihin da ta Mikuni ba ɗaya ba ce, don haka ka sayi irin na kafiretonka.

Duk mai rubuta manhaja ya san ƙa'idar nan: abu ɗaya ake canjawa, a gwada, sannan a taɓa na gaba. Ka ɗauki hoton saitin asali da wayarka, ka rubuta kowane canji da ranarsa, don ka san inda za ka koma.

Hunturu da bazara

Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Da sanyin safiyar Janairu ma'aunin zafi na iya sauka wajen digiri 15, a Afrilu kuma ya haura 40. Idan ka lissafa tsakanin digiri 15 da 42, iskar da ke shiga inji ta ragu da kusan kashi 9 cikin 100. Ma'ana, babur ɗin da aka matse wa fetur a bazara, idan hunturu ya shigo zai sami ƙarin iska ba tare da ƙarin fetur ba. Ga kuma ƙura, wadda ke toshe soso ta sa mashin shan mai. Maganinta wanki ne. Cire soson gaba ɗaya yana rage fetur a awon, kuma ya buɗe wa yashi ƙofa zuwa fistin.

Fetur ɗin kansa

A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol Nijeriya, ya lalata injina da dama. Wanda ke saye a hannun 'yan bumburutu kuwa kullum cikin wannan caca yake. Ka zuba kaɗan a farar kwalba ka bar shi ya kwanta, ruwa da datti za su taru a ƙasa. Ka sa ƙaramar matata a tiyon mai.

Janareto da wayarka

Janareto yana bukatar juyi 3000 a minti don ba da wuta daidai. Idan ka ji yana hawa yana sauka shi kaɗai, galibi datti ne ya toshe kafireto, kuma wutar ma haka take hawa da sauka. Caja mai arha ba ta jure wannan. Cire wayoyi a gyara tukuna. Sannan kada a taɓa kunna shi a ɗaki, shago a rufe ko zaure, domin hayaƙinsa na ɗauke da iskar gubar da ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Idan makanike zai rage wa mashinka shan mai, ka tsaya a wurin, ka tambaye shi wace hanya zai taɓa. Bayan tafiyar kwana ɗaya ka kwance fulogi ka duba launinsa. Idan ya yi fari, a mayar da saitin baya kafin ka sake kama doguwar hanya. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, sai mun haɗu a rubutu na gaba.