Tiya, Randa da Inuwar Sanda: Kayan Koyar da Lissafi da Kimiyya Suna Ƙofar Aji

A shekarar 2014 binciken PASEC, mai auna ƙwazon ɗaliban firamare a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ya gano cewa a Nijar yaran ajin ƙarshe da suka kai matakin da ake bukata a lissafi ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2019 an samu ci gaba, amma har a lokacin ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Mai jin wannan zai ɗauka yaranmu ne ba su da kan lissafi, sai dai kasuwa ta ƙaryata shi. Yarinyar garin Sarkin Yamma mai tallar dafaffen zogale, a saya na dala talatin da biyar a miƙa mata dala ɗari, kafin a rufe baki ta maido dala sittin da biyar. A rubuta mata 500 − 175 a allo, sai ta tsaya tana kallon alli, alhali lissafin ɗaya ne, tunda dala ɗaya sefa biyar ce. A gundumar Madarumfa ma, inda iyaka take kusa ta wajen Ɗan Isa, da yawa daga yaran suna juya naira zuwa sefa da ka. Masu bincike sun ga irin wannan a birnin Resife na Brazil tun 1985: ƴan talla suna warware lissafi a bakin kayansu, su kasa shi a takarda. Abin da ya rage wa makaranta shi ne ta haɗa abin da yaro ya iya da hannu da abin da ake rubutawa, kuma azuzuwan CM1 da CM2, wato biyun ƙarshe na firamare, su ne wurin yin haka, domin a nan ake shiga awo, rabe-rabe, fāɗin fili da kaso cikin ɗari.

A fara da tiya, wadda babu gidan da ba ta. Malami ya sa a kawo tiya uku ko huɗu daga gidaje daban-daban, yara su cika kowace da gero, sau ɗaya da tozo, sau ɗaya a shafe, su ɗora a sikeli su rubuta. Za su tarar nauyin yana kewayen kilo biyu da rabi amma bai zo ɗaya ba, daga nan su gane da kansu dalilin da ya sa duniya ta yarda da kilo, su kuma koyi fitar da matsakaici saboda suna bukatarsa. Tambayar tiya nawa ke cika buhu mai kilo 100 ta zama rabawa mai ma'ana, kuma amsar, wajen arba'in, iyayensu za su gaskata ta. Haka igiya: a ƙulla ta gaɓa goma sha biyu daidai wa daida, a ja ta kusurwa uku, gefe mai gaɓa 3, mai 4 da mai 5, sai ga kusurwa madaidaiciya irin ta magina. Da ita za a yanka fili mai mita 10 kowane gefe a harabar makaranta, yaro ya tsaya a ciki, a gaya masa irinsa ɗari ne hekta ɗaya. Wanda ya taka wannan fili da ƙafarsa da wuya ya sake rikita kewaye da fāɗi.

Kimiyya ma haka take. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin ƙarfe sanyi? Yara su fara faɗin hasashensu, a auna zafin biyun safe da rana, a lulluɓe wata randar da leda a ga ko za ta yi sanyi. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa, yana tafiya da zafi, kuma a kan wannan ne wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa tukunya cikin tukunya ta adana kayan lambu, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Wake mai ƙwari a gora biyu, ɗaya a toshe ɗaya a buɗe, zai nuna cikin ƴan makonni cewa ƙwaro ma iska yake shaƙa. Shi ne sirrin buhun adana wake na PICS mai ninki uku, wanda masanan cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi suka gwada tare da jami'ar Purdue ta Amurka. Dakakken ƙwayar zogale a ruwan Gulbi mai laka yana kwantar da lakar, sai malami ya ja kunne cewa ruwa ya yi garau ba ya nufin ya rabu da ƙwayoyin cuta. Sanda kuwa, a kafa ta a tsaye ana auna inuwarta da tsakar rana kowane mako, a ƙarshen Afrilu inuwar za ta kusan ɓacewa, don a lokacin rana na bi daidai bisa kan yankin Maraɗi.

Akwai masu cewa ajin zana mai yara sittin ko fiye, babu benci babu kabad, ba wurin gwaje-gwaje ba ne. Wahalar gaskiya ce, kuma malamin da ke fama da ita ya cancanci a saurare shi. Amma cikin duk abin da aka ambata, sikeli da ma'aunin zafi da tef ɗin awo kaɗai ake saye, guda ɗaya kuma ya ishi makaranta. Yawancin aikin ma a waje ake yinsa, ƙarƙashin itace, rukuni-rukuni, kowane da mai awo da mai rubutu. Masu cewa manhaja ta yi yawa lokaci ya yi kaɗan, su duba: awo da fāɗin fili da ruwa da iska duk suna cikin manhajar. Darasin da aka haddace aka manta aka sake maimaitawa sau uku ya fi cin lokaci.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa yara na iya yini suna wasa da gero da igiya su tashi ba su koyi komai ba. Wannan yana faruwa, kuma duk mai kare wannan hanya dole ya yarda da shi. Taɓawa kaɗai ba ta koyarwa. Shi ya sa shirin La main à la pâte, wanda Georges Charpak, mai lambar Nobel a kimiyya, ya kafa da abokansa a Faransa a 1996, ya sa kowane yaro ya riƙe littafin gwaji: ya rubuta tambaya, da abin da yake zato, da abin da ya gani. Idan an gama auna tiya, dole a koma allo a rubuta lambobin, a yi rabawar, a ba da atisaye har hannu ya saba. Gani ya kori ji, amma jarrabawa a takarda ake yinta.

Sai batun harshe. Yaron da aka hana yin magana sai da Faransanci ba zai yi gardama a kan dalilin sanyin randa ba, shiru zai yi. Nijar ta fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, kuma a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Babu hujjar hana yara tattauna gwajinsu da Hausa, sannan a ba su kalmomin Faransanci su rubuta.

Abin da malamai suka fi bukata shi ne su yi gwajin da hannunsu kafin su tsaya gaban yara, domin yawancinsu su ma da hadda aka koyar da su. Wurin yin haka yana nan, wato zaman CAPED da malaman yanki ke haɗuwa. Masu duba makarantu na Madarumfa su ware zama ɗaya don awon tiya da igiya, ɗaya don randa da wake. Kwamitocin kula da makarantu na Sarkin Yamma kuma, idan sun zo tsara kuɗin shekara, su sa sikeli da ma'aunin zafi da tef ɗin awo cikin abubuwan da za a fara saye.